Intabiyun Da Na Amsa Ba Nawa Ba

Shekarun baya kaɗan, shekarar nan da korona ta kulle mu a gidajenmu, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna na yi salati. Na daɗe ina son in ba ku labarin, kunya ke hana ni. Jiya dai na tambayi mai labarin, ta ce in rubuta, ai ya wuce.

Mai labarin ita ce babbar yarinyar gidanmu. Waɗanda suka san al'adarmu sun gane abin da nake kewayewa: ta fari ce. Tun da aka yaye ta uwar mijina, Hajiya, ta ɗauke ta zuwa Babban Mutum, can ta yi firamare, sai da za ta shiga sakandare ta dawo hannuna a Daura. Yaya take ce mini. Ni kuwa ban taɓa kiran sunanta ba. In tana kusa "ke" ce, in ba ta nan "yarinyar nan". Baƙo ya tambaye ni 'yar wa ce, sai in ce ta wajen Hajiya ce. Haka na ga mahaifiyata tana yi da babban yayanmu, haka ni ma na yi, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Tun tana aji huɗu ba ta da magana sai ta aikin ungozoma. Da sakamakon sakandarenta ya fito ta samu kiredit a duk darussan da ake nema, amma na kemistiri da fizis da ƙyar suka tsallake, na can ƙasa ne. Hakan bai dame ta ba, don makarantar da take so, wadda ba zan faɗi sunanta ko garin da take ba, tsarinta shi ne duk mai kiredit ɗin da ake buƙata ya zo ya zauna jarrabawar shiga a rubuce, abin da ka ci a nan shi ke raba gardama. Sai ta ɗaura ɗamarar karatu na shekara guda cur. Littafin tsofaffin tambayoyi har ya rabu gida uku a hannunta, na ɗinke mata shi da zaren buhu. Bangon kicin ɗina kuwa ya zama allo. Da gawayi ta rubuta sunayen ƙasusuwan jikin mutum tun daga bakin ƙofa har bayan murhu, tana tuƙa tuwo tana bitarsu. Da za ta cike fom, lambar wayata ta sa, saboda babanta ya ce ba za ta riƙe waya ba sai ta shiga babbar makaranta.

Ana cikin haka ciwon ƙafar Hajiya ya tashi. Yarinyar nan ta haɗa littattafanta ta tafi jinya, a kan za ta yi mako guda ta dawo. Kwana huɗu da tafiyarta aka sa dokar kulle, ba shiga ba fita. Wayar Hajiya kuwa, in ka kira sau goma da wuya ta shiga sau ɗaya, rabin lokaci sabis ɗin Nijar take kamawa.

Kun dai tuna yadda saƙonni suka riƙa shigowa waya a lokacin. Wanke hannu, sa takunkumi, kada a yi musafaha. 'Yar ƙaramar wayata ba ta da ciki, da ta cika sai ta ƙi karɓar sabo. Sai na mayar da shi aiki, kullum bayan na gama karin kumallo in bi su in goge, ban ko karantawa, musamman dogayen nan na Turanci. Ashe a cikinsu akwai na makarantar, suna sanar da cewa saboda hana taruwa an soke jarrabawar rubutu ta bana. Za su duba makin sakandare, su haɗa da intabiyun da za su yi wa kowace ɗaliba ta waya. Da ɗan yatsana na goge shi, na ci gaba da harkata.

Wata rana da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, maigidana Malam yana kan tabarma a gindin darbejiya da rediyonsa, don kulle ya hana shi zuwa shago, sai waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Muryar mace ce, mai natsuwa, amma layin yana ta yankewa. A cikin gabatarwar da ta yi, abin da kunnena ya kama kawai shi ne "kiwon lafiya". Sai ta faɗi cikakken sunan yarinyar nan, ta ce, "Da ita nake magana?"

Na tsaya da tankaɗen. A kwanakin nan ana ta labarin ma'aikatan lafiya suna bin sawun mutane ta waya, wanda aka yi zargin ya yi hulɗa da mai cutar sai a zo a ɗauke shi a killace. Na ce a raina, shi ke nan, an ji ta yi tafiya. In na ce ba ta nan za su ce tana ina, su je ƙauye su ɗauko ta a bar tsohuwa ba mai ba ta ruwa. In kuma na ce ba ita ba ce, tambaya ta gaba ita ce ni wace ce a wajenta, ga babanta zaune yana jina. Shekara goma sha tara ban taɓa buɗe baki na ce 'yata ce ba. Sai na samu wata 'yar hanya a tsakiya, wadda a ganina ba ƙarya ba ce. Na ce, "Eh, nan ne."

Ni nufina nan ne gidan. Ita kuwa ta ji "eh".

Ta ce za ta yi mini 'yan tambayoyi, in amsa da Hausa ko Turanci, wanda ya fi mini sauƙi. Na ce Hausa. Ta tambaye ni alamomin cutar da ake ciki, na jero mata kamar yadda rediyon Malam yake faɗa safe da yamma. Ta ce yaya ake wanke hannu, na faɗa har da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ta ce yaro yana gudawa ba asibiti kusa, yaya zan haɗa ruwan gishiri da sukari. Wannan kuwa ko daga barci aka tashe ni zan faɗa, yara shida na raina. Ta ce cibiyar jariri fa, me ake sa mata? Na ce ba a sa komai sai maganin da asibiti suka bayar, ba man goge baki, ba toka, ba gashi da tsumma mai datti. Na ji ta ce, "Madalla."

Sai na fara jin daɗin hirar ma. Na ture rariya gefe na gyara zama. Ta ce, a ce ga maƙwabciyarki mai tsohon ciki jini ya ɓalle mata a wannan kullen, me za ki yi? Na ce zan kwantar da ita ta gefen hagu, ba zan ba ta jiƙo ko rubutu in tsaya jira ba, zan tura a nemo abin hawa nan take, in ɗauki katin awonta, in tafi da wanda zai iya ba da jini, jami'an da ke kan hanya kuma in sun ga halin da take ciki za su buɗe. Sannan ta ce, "A ganinki me ya sa aikin ungozoma yake da muhimmanci?"

Wallahi ko a nan ban farga ba. Na ɗauka cikin wayar da kan jama'a ne. Sai na ba ta labarin ƙanwata da muke ciki ɗaya, wadda ta rasu wajen haihuwar fari a wani ƙauye ta wajen Sandamu, jini ya ƙare mata ana jiran mijinta ya dawo daga gona ya ba da izinin tafiya asibiti. Na ce da akwai mace guda a garin nan da ta san abin da take gani, ta kuma isa ta ɗaga murya, da wataƙila Allah ya sa ta zama sanadi. Ina faɗa ina kuka. Matar ta ce, "Allah ya jiƙanta. Mun gode, za ki ji daga gare mu."

Da na ajiye, Malam ya rage rediyo ya ce, "Su wane ne suka sa ki kuka da hantsin nan?"

Na ce, "Mutanen korona ne."

Ya ce, "To Allah ya raba mu da su." Na ce amin, na ɗauki rariyata.

Da aka sassauta doka yarinyar nan ta dawo, ta rame, littattafanta sun ƙara tsufa. Tambayarta ta farko bayan gaisuwa ita ce ko an ji ranar jarrabawa. Na ce shiru dai. Ta koma bangonta.

Bayan 'yan makonni, muna kicin ni da ita ina kaɗa miya, sai ga ƙawarta da suka cike fom tare ta faɗo gidan da gudu, takunkumi a haɓa, tana ranƙada guɗa. Ta ce sunaye sun fito, ta gani a wayar yayarta, sunan yarinyar nan yana can sama. Ita kam ba ta samu ba, tana cikin 'yan jiran tsammani, amma ta zo taya murna.

Yarinyar nan ta ce, "Sunayen me? An yi jarrabawar ne?"

"Wace jarrabawa kuma? Ai an soke. Ke dai faɗa mini, me kika ce musu a intabiyu? Ni tambayar mai cikin nan ce ta kayar da ni."

"Wane intabiyu?"

"Ke, bar wasa. Na waya mana. Wanke hannu, ruwan gishiri da sukari, cibiyar jariri, maƙwabciya jini ya ɓalle mata..."

Maburgi ya suɓuce daga hannuna ya nutse cikin miya. Na zauna a kan turmi. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Su biyun suka juyo suna kallona. Na ce, "Ke, ni ce. Ni na amsa."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza kala uku a lokaci guda ba sai ta yarinyar nan a ranar. Ƙawar ta toshe baki. Yarinyar nan ta kalli bangon da ta cika da gawayi, ta kalle ni, ta ce, "Yaya, ke kika ci jarrabawata?"

Da Malam ya dawo aka faɗa masa, sai da ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "To ai sai a ɗinka miki fararen kaya, ke za ki tafi. Mutanen korona!" Da ya ga ba mai taya shi, ya natsu ya ce, "Ku saurara. Ba ki yi da niyya ba. Ba mu nemi kowa ba, ba mu roƙi kowa ba. Su suka canza tsarinsu, su suka kira, Allah ya kawo rabo ta inda ba a zata ba. Yarinyar nan ta fi kowa karatu, kowa shaida ne. Ku rufe bakinku."

Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba, shi ya sa ta fi yi mini nauyi. Kwana uku ina juya ta. In na tayar da salla sai fuskar ƙawar nan ta zo mini, yarinyar da ta amsa da bakinta ta faɗi, ta kuma rugo tana yi wa wata guɗa. Na lissafa a raina, da makin sakandare kaɗai tamu ba za ta kai sama ba, amsoshina ne suka ɗaga ta, ni mai haihuwa shida ina gasa da 'yan mata. Wata tana can an ture ta saboda ni. Ga shi kuma aikin da za ta yi ta ci abinci da shi ne har ƙarshen rayuwarta, aiki na rayukan mata. Ranar da aka kira ban sani ba, amma yanzu ai na sani.

Na samu yarinyar nan tana wanki na ce, "Ke, ina so mu je mu faɗa musu."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "In suka cire ni fa?"

Na ce, "Ba za su cire ki ba. In sun ji gaskiya za su sake yi miki tambayoyin, ke kuma kin fi ni sani." Har zuciyata haka na ɗauka. Malam ya ce shi ba ya hana ni, amma in tuna ya faɗa.

Muka je makarantar. A bakin ƙofa ga bokiti mai famfo da sabulu, aka auna mana zafin goshi. Aka kai mu wajen mutum uku da ke zaune a ƙarƙashin bishiya, kowa da kujerarsa nesa da ɗan'uwansa, kowa da takunkumi: wani dattijo mai gilashi wanda shi ne shugaban kwamitin ɗaukar ɗalibai, da mata biyu. Ina yin sallama ɗaya daga cikin matan ta ɗago kai da sauri. Ban kai ƙarshen bayanina ba ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Muryar ce. Ke ce mai ƙanwar nan?" Na ce ni ce. Ta juya wajen dattijon ta ce, "Ranka ya daɗe, ita ce wadda na ba ku labari. Na ce ban taɓa jin yarinya mai hankalin manya irinta ba. Ashe babbar ce da kanta."

Dattijon bai yi dariya ba. Ya buɗe wani babban littafi ya ce dole a rubuta. Ya tambayi sunana na faɗa. Ya nuna yarinyar nan da biro ya ce, "Mece ce ita a wajenki?"

Na ce, "Ta wajen Hajiya ce."

"Baiwar Allah, ban san Hajiya ba. Ke nake tambaya. Ƙanwarki ce? 'Yar riƙo ce?"

Na kau da kai. Zufa ta jiƙa mini takunkumi. Matar nan ta gane, ta ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ina jin ta fari ce." Ya ce ya gane, shi ma ɗan fari ne, amma wannan kunyar ce ta kawo mu nan, kuma littafi ba ya rubuta kunya. In faɗi sunan ɗalibar da bakina, in faɗi dangantakarmu, don a san wadda ta amsa da wadda aka nema.

Na kalli ƙasa. Na ce, "'Yata ce. Ni na haife ta." Sannan na faɗi sunanta, cikakke, da na babanta. Sai na ji shi baƙo a bakina, kamar na ɗanɗana abincin wata ƙasa. Ban iya kallon inda take ba.

Suka ce mu koma gefe, suka yi shawara. Da suka kira mu, dattijon ya gode mini, ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar kansa ba. Na fara jin sanyi a raina. Sai ya ce amma makin intabiyun ya rushe, tunda ba ɗalibar ce ta amsa ba. An rufe intabiyu, an riga an miƙa sakamako. In suka yi mata nata ita kaɗai ido da ido, bayan ta ji tambayoyin, sun zalunci sauran. Abin da ya rage mata shi ne makin sakandare, shi kuma bai kai ba. Sai dai ta sake nema baɗi.

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ku gane ba ne. Laifina ne, ita ba ta ma gari."

Yarinyar nan ta matso ta ce, "Malam, don Allah ku ba ni takarda da biro. Ku tambaye ni komai, kemistiri, fizis, duk abin da kuka ga dama, yanzu a nan. Shekara guda ina karatu, ba wanda ya tambaye ni ko abu ɗaya."

Ya cire gilashinsa ya goge, ya ce, "Na yarda da ke, 'yata. Bana ce ba mu da takardar da za mu ba kowa."

A mota har muka iso Daura fuskarta na wajen taga. Malam da ya ga fuskokinmu bai ce "na faɗa miki" ba, Allah ya saka masa. Washegari na shiga kicin na tarar an wanke bangon tas, ba ko ɗigon gawayi. Ban san wadda aka ba gurbin ba, ba dai ƙawarta ba ce. Wata uku yarinyar nan tana gaishe ni, tana yin duk aikin da na sa ta, amma hira ta mutu a tsakaninmu. Na yi kuka a kan sallaya ba adadi. Akwai ranakun da na ce a raina da na bi maganar Malam.

Wata safiya na shiga hura wuta, sai na ga kalma ɗaya da gawayi a saman murhu. Kashegari suka zama biyar. Sai na riƙa ware mata gawayi masu tsawo ina ajiyewa a bakin taga.

Da shekara ta zagayo aka dawo da jarrabawar rubutu. Ta je ta rubuta da hannunta, ta ci da hannunta. Ranar da za ta tafi ina ɗaure mata yaji da kuka a leda, sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Yaya, kin san ranar nan rabin abin da dattijon nan ya faɗa ban ji ba?" Na ce saboda me? Ta ce, "Ina ta mamaki ne. Ashe kin san sunana."

Yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti ta wajen Mashi. In ta so tsokanata sai ta ce ni ce babbarta a aiki, na riga ta cin intabiyu da shekara guda.

Har yau ban gama sanin ko na kyauta mata ba. Shekara guda ta rayuwarta na ɗauka na biya kuskuren da ba nata ba, kuma ba ni na yi zaman jiran ba, ita ta yi. Abin da na sani shi ne in ta sa fararen kayan nan ba na jin komai yana sukata a ƙirji. Malaman nan ma ban riƙe su ba, shekara ce da kowa yake laluben hanya, sun rasa yadda za su auna yaran mutane sai ta muryar da ba su ga mai ita ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙanƙantar maganar da ta jawo duk wannan. Ban yi ƙarya ba, na dai zaɓi kalmomin da za su fisshe ni kunya, na bar mai sauraro ta fahimci abin da ba shi ba.

Ban koma kiran sunanta ba, kada ku ɗauka na waye. "Ke" ce har gobe, sai a addu'a nake ambatonsa. Amma har yanzu akwai tsofaffin takardunta da ke ɗauke da lambata, lokaci-lokaci akan kira a tambaye ta. Makon jiya ma an kira, Malam yana zaune a gindin darbejiyarsa. Aka faɗi sunanta aka ce da ita ake magana? Na ga ya rage rediyo yana jira.

Na ce, "A'a, ba ita ba ce. Mahaifiyarta ce."